Waƙar da Na Yi a Gayyar Baffa

A ƙauyenmu, arewa da Kano ta wajen hanyar Ɗambatta, ba a barin ƙasa ta huta. Gona tana manne da gona, inda geron wani ya ƙare nan dawar wani ta fara, ba abin da ya raba su sai siririn layin gamba da kakanni suka dasa. Ko a gefen hanya sai ka ga wani ya soka kuɓewa. Mutum zai bi motar shara har bakin birni don ya samo takin da zai zuba wa ɗan fegin da bai fi shimfiɗar tabarma goma ba. Shi ya sa duk baƙon da ya bi ta gabashin gari da damina sai ya ja ya tsaya, saboda akwai kunya biyu na huɗa, dogaye, tun daga bakin hanya har gindin wata ɗorawa, waɗanda babu komai a kansu sai ciyawa. Wasu su ce ko tsohon kabari ne, wasu su ce ko iskokai ne suka hana. Ba kabari ba ne, ba kuma iskokai ba ne. Ni ne. Iyakar abin da na tsinana ke nan a shekarun da na yi ina waƙar hip-hop ta wayar da kan jama'a.

Gonar da ke hagu da wurin ta Babanmu ce, ta dama kuma ta yayansa ce, wanda muke kira Baffa. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Tun ina ƙaramar sakandare suka ɓata, suka yi shekara bakwai ba mai taka gidan wani, sai dai gaisuwar bakin masallaci wadda ba ta wuce "lafiya lau". Mu yara an ce mana maganar gona ce, ba a ƙara mana komai a kai ba, mu kuma ba mu ga fuskar tambaya ba. Ina Kano wajen karatu aka shirya. Na dawo hutu kawai na tarar da Baffa bayan magariba ya fito da kwanon tuwonsa ya zauna a tabarmar Baba a ƙofar gidanmu, kamar yadda magidanta kan yi a wajenmu, kowa ya fito da abin da aka dafa a gidansa a haɗa a ci tare.

Baba ba mai yawan magana ba ne, amma ko makaho ya san wannan zaman ya fi masa komai daɗi. Da kansa yake share wurin. Yakan leƙa cikin gida ya ce wa Inna a ƙara man shanu a miya, wai yayansa ba ya son miya a bushe. A nan na fara jin dariyar Baba mai sauti, ina da shekara ashirin da wani abu a duniya. Na gani, na ji daɗi, amma ban ɗauke shi wani babban abu ba, don a lokacin kaina yana can wajen manyan matsalolin duniya.

Ga yadda aka yi na zama mai manyan matsaloli. A Kano na zauna ne a wani ɗaki ta wajen Ungogo, kullum in hau adaidaita zuwa makaranta. A inda muke jiran abin hawa akwai wani mai gyaran rediyo, ya ɗan manyanta, wanda ba ya rabuwa da wasu tsofaffin kaset na baƙaƙen Amurka. Kiɗan ba shi da wani ado, ganga ce mai nauyi tana bugu biyu tana komawa, mutum kuma yana ta zuba magana a kai ba numfashi. Na tambaye shi me suke cewa. Ya ajiye abin da yake gyarawa ya fassara mini: yunwa, gidan haya mai yoyo, makarantar da ba malami, mai kuɗin da ke take talaka. Yanzu da na ƙara jin Turanci na gane rabin fassarar daga kansa ya ƙago ta, amma a lokacin ji na yi kamar an buɗe mini ido. Ya ce wannan shi ne rap na asali, na mutanen da, ba irin na yaran yanzu masu kukan soyayya da muryar inji ba.

Cikin wata guda na rikiɗe. Na sayi hular hana-sallah na juya bakinta baya. Na sa tela ya ɗinka mini wando wanda ƙafa ɗaya za ta ɗauki rabin buhun gero. Na raɗa wa kaina wani suna na Turanci wanda ko za a yanka ni ba zan maimaita shi a nan ba. Na naɗa kaina bakin talakawa, ba tare da talaka ko ɗaya ya nemi in yi masa wannan aikin ba. In na ji ana waƙar soyayya a adaidaita sai in girgiza kai in yi tsaki, ina tausaya wa al'umma.

Amma kada in zalunci kaina gaba ɗaya, akwai abin da ya taɓa ni da gaske. A Ungogo ina kallo gonaki suna zama filaye. Dillalai su zo su kakkafa 'yan guntayen siminti, bayan wata biyu ka ga simintin ya matsa gaba. Akwai wani dattijo da yake noma a bayan ɗakinmu, a shekara biyu na ga gonarsa ta tsuke har ta koma ba ta fi tsakar gida ba. Ni ɗan manomi ne, na san abin da taku ɗaya na ƙasa yake nufi. Raina ya ɓaci, na zauna na rubuta waƙa a kan mai cin iyaka.

Mai gyaran rediyo ya taɓa gaya mini cewa gwanin rap ba ya cewa "azzalumi" kawai ya wuce, sai ya zana mutumin har ka gan shi a gabanka. To ni ban taɓa ganin fuskar dillalan nan sosai ba, a mota mai baƙin gilashi suke zuwa. Sai na rufe ido na nemo kamannin dattijo mai kwarjini wanda ba za a taɓa zarginsa ba. Kamannin suka zo mini a sauƙaƙe, har na yaba wa basirata: farar hula, sahun gaba a masallaci, lema a hannu ko rani ko damina, da gyaran murya sau biyu kafin ya yi magana. Wallahi a lokacin na ɗauka ni na ƙirƙiro mutumin. Ban tsaya na tambayi kaina inda na taɓa ganinsa ba.

Na ɗauki waƙar a wani situdiyo da ke bayan shagon ɗinki, ɗan ɗakin da aka manna wa soson katifa a bango, janareta yana ihu a waje. Na sa aka zuba mini kiɗan shi kaɗai a waya, saboda ranar da zan yi ta a gaban dubban mutane.

Da na gama karatu aiki bai samu ba, na tattaro na dawo gida na kama fartanya. Dubban mutanen ba su zo ba. Na kunna wa Inna waƙata ta takin zamani, ta saurara har ƙarshe don kara, sannan ta ce, "To wai wannan faɗa kake yi da wani, ko waƙar ce haka?" Na kunna wa abokaina ta makarantar da ba rufi, suka ce da zan sa muryar mace a amshi da ta fi shiga. Baba bai taɓa cewa komai ba, sai dai in ya kalli wandon ya kawar da kai. Ta mai cin iyaka kuwa ban kunna wa kowa ba. Ita ce gagarumar, na ɓoye ta sai ranar babban taro. Da Inna ta ji ko baiti ɗaya, da duk wannan labarin bai faru ba.

Taron ya zo a daminar nan. Baffa ya kira gayya a gonarsa don noman maimai. Gayya ta yi ƙaranci a wajenmu, yanzu kowa 'yan ƙwadago yake ɗauka, amma Baffa ya dage sai an yi irin ta da: a gayyato majiya ƙarfin gari su yi masa noma rana guda, shi kuma ya ciyar da su. Kowa ya san ba don ya rasa masu aiki ba ne. So yake gari ya ga shi da ƙaninsa sun koma abu ɗaya. Baba ne ya fara isa gonar, shi ya tsaya a kan sahun manoma, ya ja kunyar farko yana tafe kamar saurayi.

An ɗauko wani tsohon makaɗin gangar noma, wanda shi kaɗai ya rage a yankinmu. Yana bin bayan manoma yana kiɗa, yana kiran kowa da sunan ubansa da na kakansa, yana tuna masa damin da kakan ya taɓa ɗaurewa. Wanda aka kira sai ka ga ya zabura yana sarar ƙasa kamar ya sami abokin gaba. Ina noma ina saurare, sai kaina ya yi wani haske. Ganga ɗaya, bugu mai nauyi, magana a kan rayuwar mutane. Ai wannan shi ne abin da mai gyaran rediyo yake nufi! Da aka tsaya hutu na wuce kai tsaye wurin tsohon, na durƙusa na gaishe shi, sannan na shiga yi masa bayanin cewa shekara da shekaru yana yin hip-hop bai sani ba. Ya bar ni na gama. Na ce ina son in yi waƙa ɗaya kafin a koma aiki.

Ya ce, "Wa za ka yi wa?"

Na ce, "Ba wani mutum zan yi wa ba, Baba. Al'umma zan yi wa."

Ya ce, "Al'umma ɗan gidan wane ne?"

Na yi murmushi irin na wanda ya yi boko, na ce saƙo ne na kowa da kowa, ba a kama suna.

Ya gyara igiyar gangarsa ya ce, "Yaro, tun kafin a haifi uwarka nake kiɗa, ban taɓa buɗe baki ban san wanda nake nufi ba. A nan in za ka yabi mutum, sunansa kake kamawa. In ka yi waƙa ba suna, to zambo ne, mutane kuma da kansu za su nemo mai ita."

Na ce a raina tsoho ya ji tsoron a ƙwace masa fage. Na roƙe shi ya ba ni kiɗa da gangarsa, ya ce hannunsa ya gaji. Na ce ba komai, na zo da shirina.

Mutane suna zaune a inuwar ɗorawar nan da ke kan iyakar gonakin biyu, an kawo fura a manyan ƙore ana sha. Dattawa suna gefe guda a kan buzu, Baffa da Baba kafaɗa da kafaɗa, lemar Baffa a jingine da itacen. Na nemi wuri mai ɗan tudu inda kowa zai gan ni. Wurin da na samu shi ne kan layin gamba, daidai kan iyakar. Na haɗa waya da 'yar sifika, na juya hula, kiɗa ya tashi, na fara:

Mai cin iyaka ba ya gudu, a hankali yake tafiya,
Bara ya ci taku ɗaya, bana ya ƙara ɗaya,
Farar hula, sahun gaba, lema ko babu ruwa,
Gyaran murya sau biyu, sannan ya ce maka "gaskiya".

Amshin kuwa gajere ne, na yi shi don ya zauna a ka: "Mayar masa, mayar masa, ƙasar ba taka ba ce." Ina yi ina buga ƙafa a kan gambar, ina nuni da yatsa kamar yadda na ga mutanen jikin kaset suna yi. Ban zaɓi inda yatsan zai tsaya ba. Amma mawaƙi mai ladabi dattawa yake fuskanta, saboda haka wajen dattawa na fuskanta, baiti uku cur da amshi uku.

Wurin ya yi tsit. Wani ya ɗaga ludayi zai kai baki ya tsaya da shi a hanya. Samari biyu suka cusa fuska cikin riga, kafaɗunsu suna rawa. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ce yau saƙo ya shiga, yau na ga abin da ake kira tasiri. Na ƙara murya.

Da na gama ba wanda ya tafa. Baffa ya yi gyaran murya sau ɗaya. Kowa ya jira na biyun, ni ma ban san dalili ba na ji ina jira. Bai yi ba, haɗiye shi ya yi. Ya ce, "Allah ya yi albarka. Jama'a a koma aiki, rana tana yi." Ya miƙe, ya ɗauki lemarsa, bai buɗe ta ba, ya saƙale ta a hammata ya kama hanyar gida cikin tsakiyar rana. Baba ya bi shi da kallo, ya kalle ni, sannan ya sunkuyar da kai.

Ko a nan ban gane ba. Ka ga irin kan da Allah ya ba ni. Na koma wurin makaɗi ina haki na ce, "Baba, yaya ka ji?" Ya rataya gangarsa ya ce, "Na ji. Kowa ma ya ji."

Da magariba Baba ya share ƙofar gida kamar kullum, ya shimfiɗa tabarma, aka kawo masa kwano. Bai buɗe ba. Ya zauna yana kallon lungun da Baffa yake ɓullowa. Tuwon ya huce, lungun ba kowa. Can ya kira ni. Na zo na tsuguna.

Ya ce, "Wa ya sa ka?"

Na ce, "Sa ni me, Baba?"

"Wa ya ba ka labarin?"

"Wane labari?"

Ya daɗe yana kallona. Ina jin a lokacin ne ya tabbatar ba mugu ya haifa ba, wawa ne kawai, kuma ban ga alamar hakan ya rage masa komai ba. Sai ya gaya mini abin da ba a gaya wa yara. Lokacin da aka raba musu gado, iyakar tana daidai da gindin ɗorawa. A hankali, huɗa bayan huɗa, Baffa ya shigo da kunya biyu cikin tamu, gambar ma ta bi shi. A kan haka suka yi shekara bakwai ba sa shiri.

Ya ce, "Rannan na zauna na duba. Kunya biyun nan, in damina ta yi kyau, dami ɗaya da rabi suke bayarwa. Na ce yanzu dami ɗaya da rabi ne ya hana ni cin tuwo da ɗan'uwana? Na tashi na je na ce masa, Yaya, na sake dubawa, ni ne na yi kuskure, iyaka tana inda take. Ya san ba haka ba ne. Na san ya sani. Duk garin nan an sani, kowa ya kama bakinsa. Sai kai."

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma bakin talakawa bai mutu ba tukuna. Na ce, "To Baba, ashe ma gaskiya na faɗa."

Ya ce, "Na fi ka sanin gaskiya ce. Ƙasata ce." Ya tura mini kwanon ya ce in mayar cikin gida.

Washegari da muka je gona muka tarar an tumɓuke gambar tun daga bakin hanya har gindin ɗorawa, an mayar da ita baya da kunya biyu, an dasa. Baffa ne ya yi, shi kaɗai, bayan sallar asuba, tsoho mai ciwon gwiwa. Geronsa da ya shuka a kan kunyoyin nan yana tsaye kore shar, yanzu ya koma ɓangarenmu. Na saci kallon Baba. Wani ɓangare na zuciyata, Allah ya yafe mini, har ya fara cewa ka ga aikin waƙa, an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Baba ya miƙo mini fartanya ya ce, "Haƙa." Muka yini muna tumɓuke gamba muna mayar da ita inda take jiya.

Kwana biyu bayan nan Baffa ya sake matsar da ita. Muka sake mayarwa. Mutanen gari da suka ga shekara bakwai ana rigimar kowa yana cewa tawa ce, yanzu suka zuba ido suna kallon tsofaffi biyu suna rigimar kowa yana cewa taka ce. A karo na uku gambar ta gaji da yawo, ta fara bushewa. Sai Baffa ya samo sabuwa ya dasa a layin da yake so, Baba ma ya samo tasa ya dasa a nasa layin. Aka sami iyaka biyu, kunya biyu a tsakiya ba mai su. Geron ya nuna, ba wanda ya girbe shi. Tsuntsaye ne suka ci, karan ya tsaya har rani.

Na je ba Baffa haƙuri. Na cire hular, na sa doguwar riga, na same shi a zaurensa. Na rantse masa da Allah dillalan Ungogo nake nufi, kuma Baba bai san komai a kai ba.

Ya ce, "Na sani. Ubanka ba ya haka."

Na ce to ya yafe mini, ya dawo su ci gaba da zamansu.

Ya ce, "Ɗana, da ƙarya ka yi mini, da tun a gonar na yafe, in dawo in ci tuwona. Ni ba fushi nake da kowa ba. Da muna zaune ni da shi, kowa yana yi kamar bai sani ba, zaman yana yiwuwa. Yanzu an faɗa da ƙarfi, da kiɗa. Da wane ido zan sa hannu a kwanonsa?"

Sai na kawo shawarar da ta fi kowace wauta. Na ce zan yi masa wata waƙar, ta yabo, in kama sunansa da na kakanni yadda makaɗi yake yi. Ya ɗago da sauri ya ce, "Kada ka kuskura." Wannan ne karo ɗaya da na ga kamar zai yi dariya.

Waƙar kuwa ta tafi. Ashe ɗaya daga cikin samarin nan ya ɗauka a wayarsa, daga waya zuwa waya har ta kai kasuwar Ɗambatta. A duk waƙoƙin da na yi, ita kaɗai ce ta karɓu. Wani mai sayar da hatsi ya taɓa riƙe hannuna ya ce, "Kai ne yaron da ya yi wa baffansa? Kai, ba ka da dama!" Ba wanda ya taɓa tambayata labarin dillalan Ungogo, su kuma na tabbata ko a mafarki ba su ji ta ba. Baffa ya daina riƙe lema. Ya bar sahun gaba ya koma ƙarshen sahu na biyu, kusa da ƙofa, yana sallamewa ya fita. In zai yi magana a taro sai ya fara kai tsaye, muryar a shaƙe. Na raba tsoho da gyaran muryarsa, abin da ko jikokinsa ba su isa su hana shi ba.

Shi da Baba ba su koma gaba ba. Suna gaisawa, suna zuwa wa juna suna da jana'iza. Kwanon ne dai bai dawo ba. Kullum Baba zai share wurin ya shimfiɗa tabarmar gaba ɗayanta, ya zauna a gefe ɗaya. Ina wucewa in gan shi, in ji kamar in nutse. Wandon na bayar aka yanka wa ƙannena biyu, har da ragowar yadi.

Haka aka yi damina huɗu. A ta huɗun Baffa ya kwanta ciwo. Ranar da aka ce jikin ya yi tsanani, Baba bai shimfiɗa tabarma ba. Ya ɗauki kwanonsa da kansa ya bi lungun nan ya shiga gidan yayansa. Baffa ba ya iya cin tuwo a lokacin, sai ɗan kunu a cokali, amma an ce ya sa aka tashe shi zaune, ya ɗora hannu a bakin kwanon har Baba ya gama. Kwana tara suka yi haka. A na goma aka kai shi makwancinsa.

Da ruwan shuka ya sauka a shekarar da ta biyo, muka fita ni da Baba, shi yana sara ni ina jefa iri. 'Ya'yan Baffa sun riga sun aiko cewa mahaifinsu ya bar wasiyya wurin namu ne. Da muka iso bakin kunya biyun na tsaya. Na ce, "Baba, bana mu shuka su? Tunda ga yadda ta kasance."

Ya dogara da sungumi ya dubi ciyawar tun daga hanya har gindin ɗorawa. Ba faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Bar su. Shi kunya biyu ya ci mini. Kai shekara huɗu ka ci mana."

Ya gyara riƙon sungumin, muka juya muka ci gaba da shuka a cikin tamu.